Gidan Telebijin Na Kaduna: Daga Hannun Jihar Arewa Zuwa Hannun Tarayya

A cikin watan Maris na shekarar 1962 ne aka buɗe gidan telebijin na farko a Arewacin Nijeriya, a garin Kaduna, hedkwatar Jihar Arewa ta wancan zamani. Daga ranar zuwa yanzu gidan ya sake suna, ya sake iyayen gida, ya kuma sake irin dangantakar da ke tsakaninsa da sauran gidajen telebijin na ƙasar nan. Ya fara ne a matsayin kamfanin haɗin gwiwa tsakanin gwamnatin Sardauna da Turawan Ingila, ya zama kadarar jihohi shida bayan an rarraba Arewa, sa'an nan Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi ta mai da shi reshe ɗaya daga cikin rassan Hukumar Telebijin ta Nijeriya, watau NTA.

Sanin wannan tarihi yana da amfani ga ma'aikacin gwamnati da ɗalibi, domin kuwa duk lokacin da gidan ya sake hannu, abin da mai kallo yake gani a akwatinsa ma yakan sake. Wanda ya mallaki tasha shi ne yake yanke shawarar harshen da za a yi magana da shi, da labarin da za a fara karantawa, da yawan sa'o'in da za a bar wa mutanen gari su ga kansu.

Yadda Abin Ya Samo Asali

Tushen maganar yana komawa ne ga rikicin siyasa na shekarar 1953. A wannan shekara ne Cif Anthony Enahoro ya gabatar da batun neman mulkin kai a 1956 a Majalisar Wakilai ta Ikko, abin da ya jawo saɓani mai tsanani, har wakilan jam'iyyar Action Group suka fice daga majalisa. Gwamna Sir John Macpherson ya yi amfani da rediyon gwamnati ya soki lamirin jam'iyyar, amma da Cif Obafemi Awolowo ya nemi a ba shi dama ya mai da martani ta wannan kafa, sai aka hana shi. Shugabannin jihohi suka ɗauki darasi daga wannan al'amari, cewa wanda ba shi da bakin magana nasa na kansa, tilas ya yi shiru ranar da mai bakin ya juya masa baya.

Saboda haka da aka zo tsara tsarin mulki na 1954, sai aka sa harkar watsa labarai cikin abubuwan da gwamnatin tsakiya da gwamnatocin jihohi duk suke da ikon yi. Jihar Yamma ce ta fara cin moriyar wannan dama, inda ta buɗe tashar WNTV a Badun ran 31 ga watan Oktoba na 1959, tare da wani kamfanin Ingila mai suna Overseas Rediffusion. Jihar Gabas ta bi sahu da tata tashar a Inugu a watan Oktoba na 1960. Ita kuwa Jihar Arewa, ƙarƙashin Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ta kafa Kamfanin Watsa Labarai na Arewacin Nijeriya, wanda aka fi sani da BCNN, ya haɗa rediyo da telebijin a ƙarƙashin inuwa ɗaya. Gwamnatin Tarayya ita ce ta zo daga ƙarshe, da tasharta ta Ikko, wadda ta fara aiki a watan Afrilu na 1962 da taimakon kamfanin NBC na Amurka. Ke nan tashar Kaduna ita ce ta uku a ƙasar, ta kuma riga ta Tarayya da 'yan makonni.

Ƙawance Da Turawan Ingila

A lokacin da aka kafa kamfanin, babu isassun 'yan ƙasa da suka san aikin injiniyan telebijin ko ɗaukar hoto ko tsara shiri, don haka gwamnati ta jawo kamfanoni biyu na Ingila suka zuba jari tare da ita, ita kuma ta riƙe kaso mafi girma. Na farko shi ne EMI, wanda ya shahara wajen ƙera na'urorin watsa shirye-shirye da kyamarori da faya-fayan garmaho. Na biyu shi ne Granada, kamfanin telebijin na birnin Manchester, wanda tun 1956 yake watsa shirye-shirye ga mutanen arewacin Ingila a cikin rukunin tashoshin kasuwanci na ITV. Kowanne da abin da ya kawo: EMI ya fi ƙarfi ta fuskar injuna, Granada kuwa ta fuskar shirye-shirye da horar da ma'aikata.

Wannan ita ce dangantaka ta farko da tashar ta ƙulla, kuma da ƙasashen waje ta ƙulla ta, domin a wancan lokaci babu wata igiya da ta haɗa Kaduna da Badun ko Inugu ko Ikko. Kowace tasha tana cin gashin kanta, tana kuma yi wa gwamnatin da ta kafa ta hidima. An kafa manyan na'urorin watsawa a Jaji, kan hanyar Kaduna zuwa Zariya, daga baya kuma aka miƙa hoton har Kano. Hoton baƙi da fari ne, ana buɗe tasha da yamma a rufe da dare, kuma babban kaso na abin da ake nunawa finafinan Ingila da Amurka ne da ake sayowa a gwangwani, saboda sun fi araha a kan shirin da za a tsara a gida.

Masu akwatin telebijin a lokacin 'yan ƙalilan ne, galibi Turawa da manyan ma'aikata da sarakuna da attajirai, domin akwatin yana da tsada, wutar lantarki kuma ba ta wuce wasu unguwanni na manyan garuruwa ba. Talaka sai dai ya leƙa ta tagar maƙwabci, ko ya je inda hukuma ta ajiye akwati don jama'a. Shi ya sa ɓangaren rediyo ya yi wa na telebijin fintinkau wajen farin jini. Rediyon Kaduna mai gajeren zango ya kai ƙauyuka, ya ƙetare iyaka zuwa Nijar da Kamaru da Cadi da Gana, ya zama abokin hirar manomi da makiyayi da fatake. Sannu a hankali hannun Turawa ya janye daga kamfanin, 'yan Arewa irin su Alhaji Abba Zoru suka hau kujerar shugabancinsa.

Juyin Mulki Da Rarraba Jihohi

Ran 15 ga watan Janairu na 1966 aka kashe Sardauna a gidansa na Kaduna, kuma a rediyon wannan kamfani da shi ya kafa ne Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu ya yi jawabinsa na kafa dokar soja a lardunan Arewa. Tun daga ranar masu mulki suka ƙara fahimtar cewa gidan watsa labarai wuri ne da ake tsaronsa kamar barikin soja.

Ran 27 ga watan Mayu na 1967 Yakubu Gowon ya raba ƙasar zuwa jihohi 12, shida daga cikinsu a Arewa, watau Arewa maso Yamma, da Arewa ta Tsakiya, da Kano, da Arewa maso Gabas, da Binuwai-Filato, da wadda aka sa wa suna Kwara. Sai tambaya ta taso game da kadarorin tsohuwar gwamnati waɗanda ba su rabuwa, irin su gidan rediyo da telebijin. Aka kafa wata hukumar riƙon ƙwarya mai suna ICSA, aka danƙa mata su, jihohin shida kuma suka riƙa tara kuɗin gudanar da su.

Wannan tsari ya zo da nasa matsaloli. Rediyo yana kai wa ga dukan jihohin shida, amma hoton telebijin bai wuce kewayen Kaduna da Zariya da Kano ba, saboda shi zangonsa gajere ne, ba ya nisa da inda aka kafa turken watsawa. Gwamnan da ke Maiduguri ko Sakkwato ko Jos ko Ilori yana biyan kuɗin abin da jama'arsa ba su gani. Da kuɗin man fetur suka ƙaru a farkon shekarun 1970, sai kowace jiha ta fara tunanin gina tata. Jihar Binuwai-Filato ta Gwamna Joseph Gomwalk ta buɗe tasharta a Jos a 1974, kuma ita ce ta fara watsa hoto mai launi a Nijeriya. Sakkwato da Kano su ma suka shiga aikin kafa nasu. A Kudu kuwa an riga an buɗe ta Bini a 1973.

Gwamnatin Tarayya Ta Karɓe

Gwamnatin Janar Murtala Muhammad ce ta ɗauki matakin tattara telebijin a hannu ɗaya. Hujjar da aka bayar ita ce ta haɗin kan ƙasa, domin sojojin da suka yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970 suna ganin cewa gidajen watsa labarai na jihohi sun taimaka wajen rura wutar gaba. Akwai kuma maganar kuɗin ƙasashen waje da kowace jiha ke kashewa wajen sayen injuna da finafinai iri ɗaya. Har ila yau ana shirin bikin al'adun baƙar fata na duniya, FESTAC, wanda gwamnati ke so dukan 'yan ƙasa su kalla a lokaci guda.

Daga ran 1 ga watan Afrilu na 1976 tashoshi goma suka koma hannun Tarayya, watau na Ikko, da Badun, da Inugu, da Kaduna, da Bini, da Jos, da Fatakwal, da Aba, da Kano, da Sakkwato. Dokar soja mai lamba 24 ta 1977, wadda gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta kafa, ita ce ta ba hukumar NTA ikon mallakar harkar telebijin ita kaɗai a faɗin ƙasar, aka kuma naɗa Injiniya Vincent Maduka babban daraktanta na farko. Aka kasa ƙasar shiyya shida, Kaduna tana cikin cibiyoyin shiyyoyin. Tashar ta koma amsa sunan NTV Kaduna, daga baya kuma NTA Kaduna.

A nan ne aka raba tagwayen da Sardauna ya haifa rana ɗaya. Telebijin ya tafi NTA, rediyo kuwa ya shiga sabuwar hukumar rediyon Tarayya, FRCN, a gyaran da aka yi a 1978, ya zama ɗaya daga cikin manyan tashoshinta huɗu tare da Ikko da Badun da Inugu. An yi ce-ce-ku-ce mai zafi a Arewa a kan wannan gyara, saboda tsoron kada a rage wa Rediyon Kaduna ƙarfin zangonsa, a ƙarshe dai aka bar masa gajeren zangon da ya saba watsawa a kai.

Yadda Haɗakar Take Aiki

Ya kamata a bambanta tsarin Nijeriya da na Amurka, inda kalmar haɗaka ta samo ma'anarta a harkar telebijin. A can yawancin tashoshin garuruwa mallakar 'yan kasuwa ne, sai su ƙulla yarjejeniya da ɗaya daga cikin manyan kamfanoni irin su NBC ko CBS ko ABC, su riƙa ɗaukar shirye-shiryensa a wasu sa'o'i, a raba lokacin talla tsakani. Idan yarjejeniya ta ƙare, tasha tana iya komawa wani kamfanin. A Nijeriya kuwa tashar Kaduna ba ta da wannan zaɓi, domin hukumar ce ta mallake ta, ita take naɗa manajanta, ita take biyan ma'aikatanta, ita kuma take faɗin lokacin da za ta ajiye nata shirin ta ɗauki na hedkwata.

Ana aiko da hoton ne ta hanyoyin sadarwa na ma'aikatar gidan waya, da kuma tauraron ɗan Adam, ta tashoshin karɓa da aka kafa a hedkwatocin jihohi 19 na wancan lokaci. Mafi shahara cikin shirye-shiryen haɗaka shi ne labaran ƙarfe tara na dare, waɗanda ake karantawa da Ingilishi daga Ikko, daga baya kuma daga Abuja. A nan ma'aikaci yake jin naɗi da sauke manyan jami'ai, da kasafin kuɗi, da sanarwar hutu. Bikin FESTAC da aka yi daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu na 1977 ya zama gwajin farko mai girma, kuma Kaduna ce ta karɓi baƙuncin babban hawan daba na bikin, inda sarakunan Arewa suka fito da dawaki da raƙuma.

Haɗakar ta kawo riba da hasara. Ta fuskar riba, tashar ta sami sababbin injuna da hoto mai launi, ma'aikatanta suka sami horo a kwalejin telebijin da hukumar ta buɗe a Jos a 1980, shirye-shiryenta kuma suka sami hanyar fita zuwa sauran jihohi. Ta fuskar hasara kuwa, sa'o'in da suka fi yawan masu kallo, watau bayan sallar isha'i, su ne hedkwata ta fi ɗauka, kuma da Ingilishi, alhali mafi yawan mutanen da ke kewaye da tashar Hausa suke ji. Labarin Zariya ko Kafancan ko Funtuwa sai ya jira a gama na Ikko.

Wasannin Da Suka Yi Suna

Abin da ya fi ɗaukaka sunan Kaduna a idon jama'a shi ne wasan kwaikwayo. Alhaji Yusuf Ladan ya yi fice da shirin Zaman Duniya Iyawa Ne. Alhaji Usman Baba Pategi, wanda tsohon soja ne, ya ƙirƙiro Samanja Mazan Fama, wasan da ke nuna zaman bariki, inda Samanja ke gauraya Hausa da Ingilishin bariki yadda Bahaushe da wanda ba Bahaushe ba duk za su yi dariya. Wannan gauraye ne ya sa wasan ya karɓu a haɗakar ƙasa baki ɗaya. Alhaji Ƙasimu Yero ya fito a Karambana, da wasan da aka tsara daga littafin Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam, ya kuma fito a matsayin Gaga a wasan Ingilishi na Cockcrow at Dawn da aka shirya a Jos don ƙarfafa aikin gona. Alhaji Umaru Ɗanjuma Katsina, wanda aka fi sani da Kasagi, shi ma yana cikin taurarin wannan zamani.

Waɗannan mutane da takwarorinsu na Kano da Jos da Sakkwato su ne suka share fagen finafinan bidiyo na Hausa, waɗanda suka kunno kai a Kano da fim ɗin Turmin Danya a 1990. Ƙasimu Yero ya rasu a 2017, Samanja kuma a 2023.

Kishiyoyi Sun Shigo

Ikon da NTA ta samu ita kaɗai bai daɗe ba. Tsarin mulki na 1979 ya mayar wa jihohi damar mallakar telebijin, kuma gwamnonin da ba na jam'iyyar NPN mai mulkin Tarayya ba suka yi kukan cewa tashoshin NTA ba su yi musu adalci. Gwamna Lateef Jakande ya buɗe tashar Jihar Ikko a 1980. A Kano Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi na jam'iyyar PRP ya kafa CTV 67, wadda aka sake wa suna zuwa ARTV bayan rasuwarsa a 2010. Ke nan dalilin da ya sa Awolowo da Sardauna suka kafa tashoshinsu shi ne ya sake dawowa bayan shekara ashirin, da sababbin mutane.

Dokar soja mai lamba 38 ta 1992, a zamanin Janar Ibrahim Babangida, ta kafa hukumar NBC mai ba da lasisi da sa ido, ta kuma buɗe wa 'yan kasuwa ƙofa. Garin Kaduna yana cikin waɗanda suka fara cin gajiyar wannan doka, da tashar DITV mai zaman kanta. Gwamnatin Jihar Kaduna ma tana da tata tashar a ƙarƙashin hukumar KSMC. Daga baya faranti mai kama tauraron ɗan Adam ya yi araha, NTA ta yi haɗin gwiwa da kamfanin StarTimes na ƙasar Sin a 2010, tashar Arewa24 mai watsa shirye-shiryenta da Hausa zalla ta fara aiki a 2014, ita kanta NTA ta keɓe tashar Hausa. Shirin komawa tsarin dijital ya fara ne da gwaji a Jos a watan Afrilu na 2016, aka kuma ƙaddamar da shi a Kaduna a watan Disamba na 2017. A ƙarƙashin wannan tsari aikin tsara shiri daban yake da aikin watsa shi, kuma zango ɗaya yana ɗaukar tashoshi da dama.

Abin Da Ya Rage

Mai kallon da a 1977 ba shi da zaɓi sai tasha ɗaya, yanzu yana da gommai a akwatinsa, ga kuma wayar hannu a aljihunsa. Finafinan waje da labaran ƙasa yana samunsu ta kowace kafa. Abin da tashar gari kaɗai ke iya ba shi shi ne labarin garinsa da harshensa: farashin hatsi a kasuwa, da lokacin rabon taki, da zaman majalisar jiha, da halin da asibiti da makarantar unguwa suke ciki. Gwargwadon sa'o'i da kuɗin da hedkwata ta sakar wa rassanta don irin wannan aiki, gwargwadon yadda jama'a za su ci gaba da kunna su.

Akwai kuma batun adana tarihi. Kaset ɗin ɗaukar shiri na wancan zamani yana da tsada ƙwarai, har gidajen telebijin da yawa a duniya, ciki har da BBC, suka riƙa goge tsohon shiri su ɗora sabo a kai, wanda ya tsira kuma zafi da ƙura da laima suna cinsa a ma'ajiya. Duk abin da ya saura na hotunan Sardauna, da hawan daba na 1977, da wasannin Samanja da Ƙasimu Yero, dukiya ce ta al'umma baki ɗaya. Ya kamata hukumar NTA da Gidan Arewa na Jami'ar Ahmadu Bello da ma'adanar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna su haɗa hannu su ƙidaya abin da ke akwai, su juye shi zuwa na'urorin zamani, su kuma ɗauki bayanin tsofaffin ma'aikatan BCNN da suka rage tun suna da ƙarfin ba da labari.